Takardar da Baffa Ya Ɓoye Mana

Assalamu alaikum. Wata goma sha huɗu rabona da shafin nan. Masu cewa aure ya ɓoye ni, ba aure ba ne. Jinya na yi, kuma yau zan faɗi komai, duk da an roƙe ni in yi shiru.

Da kumburin ƙafa abin ya fara. Ina koyarwa a wata firamare a Dutse, sai na ɗauka tsayuwa ce. Daga baya ko tsakar gida na share sai in zauna ina haki. Ranar da na ga jini a fitsarina, maigidana Malam Nasiru bai tsaya jin ta bakina ba, ya ɗora ni a babur sai asibiti.

An auna jini, an auna fitsari, an yi hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon hoton.

Ta ce, "Malama, ƙodojinki duka biyu cike suke da ƙulli-ƙulli na ruwa. Irin wannan gadonsa ake yi. Wa ya taɓa ciwon ƙoda a gidanku?"

Na ce babu kowa. Mahaifinmu dai ya rasu ina 'yar shekara goma sha ɗaya, jikinsa a kumbure, amma an ce mana sammu ne.

Ta ajiye biro ta dube ni.

Hoton zuciya kuma ya nuna wata 'yar ƙofa a ciki, wadda ke hana jini komawa baya, ba ta rufuwa daidai. Ta ce a wasu mutane ciwon biyu tare suke tafiya.

Aka tura ni Kano wankin ƙoda. Sau biyu a mako, awa huɗu ina kwance ina kallon jinina yana fita ta roba yana dawowa. In an gama ko mayafina ba na iya gyarawa. Filinmu ya tafi, shanun Inna biyu suka bi shi.

Da aka zo maganar dashen ƙoda, ƙanena Sadiku ya ce shi zai ba ni. Da dariyarsa ya shiga ɗakin gwaji. Ya fito da takarda a hannu yana kallon ƙasa. Shi ma yana da ciwon.

A nan likitan Kano ya ce a kawo yara.

Hafsat ɗina shekararta shida. Ƙodarta ta fara nunawa, ƙofar zuciyarta na yoyo, jininta ya hau. Yarinyar da nake yi wa faɗa kan lalaci in ta ce ta gaji a hanyar Islamiyya. Har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina.

Inna ce ta kasa riƙewa. Tana kuka ta ce lokacin jinyar mahaifinmu likita ya ba Baffa, yayan mahaifin namu, takarda, ya ce a kai 'ya'yan gidan duka a duba su.

Da robar wankin ƙoda a wuyana na shiga mota zuwa ƙauyenmu, can wajen Miga. Na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, sannan na ce, "Baffa, ina takardar?"

Bai musa ba. Ya shiga ciki ya ɗauko ta a cikin leda, an naɗe ta da kyau, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Ya ce, "Zainabu, da na buɗe baki, wa zai auri 'ya'yan gidan nan? Asirinku na rufa."

Na ce, "Baffa, yayarmu Anti Rabi da ta rasu da cikin fari, jininta ya hau, ita ma asirinta aka rufa?"

Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare."

Na yarda kwana na Allah ne. Amma Allah bai ce a sa takardar likita a leda shekara goma sha tara ba. Likitoci sun gaya mini da an sani da wuri ba za a kawar da ciwon ba, amma da an riƙe hawan jinin, an hana ni magungunan ciwon jiki da nake sha kamar gyaɗa, wataƙila da ƙodata ta ƙara kai ni shekaru. An aurar da mu lafiya, an yi shagali. Mu kuma muka haifi yara ba mu san me za mu duba a jikinsu ba.

Malam Nasiru ne ya ba ni ƙoda. Da za a shiga da mu ya ce, "Ki riƙe ta da kyau, ɗaya ce ta rage mini." Wata biyar ke nan. Ina shan magani safe da yamma, na koma aji, ina share tsakar gidana ba haki. Hafsat tana kan maganinta, ana duba zuciyarta duk bayan wata shida. Sadiku ma haka.

Alhamdulillah. Ma'aikatan ɗakin wankin ƙoda, malaman makarantarmu da suka riƙe mini aji, Inna, da mutumin da ya ba ni tsokar jikinsa, Allah ya saka muku da Aljanna.

Ku kuma don Allah: in mutum biyu a danginku sun tafi da kumburi ko hawan jini da ƙuruciya, ku tambaya. In an ƙi gaya muku, ku je asibiti da kanku. Yaro in ya ce ya gaji, a auna jininsa kafin a ce malalaci ne. Kada ku riƙa haɗiyar maganin ciwon jiki ba izinin likita.

Jiya Baffa ya aiko a ce mini kada in tona gida a waya. Na ce a gaishe shi, a kuma gaya masa ranar Litinin mota za ta zo ɗaukar jikokinsa tara zuwa asibiti. Na riga na karɓar musu kati.