Mai Tsaron Ragar Taurarin Wagini

Armaya'u mahauci ne a kasuwar Batsari, haifaffen Wagini. Shekara tara ya yi yana tsaron ragar Taurarin Wagini, har ɗan yatsansa na hagu ya karkace wajen tare ƙwallo.

A shekarar da fetur ya yi tsada, masara ta gagari talaka, kwamitin gasar Batsari da Safana ya ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe wa 'yan wasa. Badamasi, manajan Taurari, ya same shi a teburin nama.

"Yaya, ina son ɗauko 'yan gaba biyu daga Katsina, amma ƙa'ida ta ɗaure ni. Ka bar min alawus ɗinka na bana, baɗi in haɗa maka na shekara biyu."

Armaya'u ya ce, "Mu rubuta?"

"Ni da kai sai da takarda?"

Ya ji kunya, ya yarda. Lokacin gonarsa ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga, akuya ɗaya ma da ƙyar take ƙarewa a tebur. Matarsa Safiyatu ta ce bai kyauta wa gida ba. Ya ce mata Badamasi a hannunsa ya koyi ƙwallo.

Dabarar ta yi aiki. Taurari suka ɗauki kofi a Safana, Armaya'u ya kaɗe fenareti biyu, matasa suka ɗaga shi a kafaɗa.

Da shekara ta zagayo, 'yan Katsina suka nemi ƙari. In aka ba su, aka kuma biya Armaya'u, ƙungiya ta haye ƙa'ida. Wani mai sayen hanta ne ya gaya masa an liƙa sunayen 'yan wasan bana a gidan kallon ƙwallo. Ya je ya karanta sau biyu, babu nasa.

Ya tare Badamasi a tasha.

Badamasi ya ce, yana kallon babur ɗinsa, "Wanda ba ya cikin rajista, kwamiti bai san da kuɗinsa ba. Kuma gwiwarka ta gaji, Yaya."

Armaya'u ya juya. Ya koma ya buɗe namansa.

Kafin damina 'yan Katsina suka samu inda ya fi tsoka, Taurari suka ƙare na ƙarshe. Har yau in Badamasi ya biyo ta layin mahauta ya yi sallama, Armaya'u yakan amsa, amma ba ya ɗaga kai daga wuƙarsa.