Jirgin da Mata Suka Ɗinka

A gidanmu na Damagaram, in an sauke tuwo, Kaka Hajjo ba ta bari a kashe murhu. Sai ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta. Yawancin tatsuniyoyinta sun ɓace mini. Wadda ta zauna ita ce wadda take rantsuwa ba tatsuniya ba ce.

Mu maƙera ne. Mijinta, Malam Idi, Faransa ta ɗauke shi soja a yaƙin duniya na biyu. Aka loda su cikin jirgin ruwa na kaya, irin waɗanda Amurka ke ƙerawa da gaggawa saboda ana yawan nutsar da su. Maƙeri ba ya shiga cikin ƙarfe bai duba ba. Ya bi bango yana shafawa, yana neman layin ƙusoshi, sai ya tarar da dogon tabo kamar ɗinki. Wani ma'aikacin jirgin ya gaya masa da wuta aka haɗe ƙarafan, cikin 'yan makonni, kuma mata da yawa ne suka yi aikin, don mazansu suna yaƙi.

"Kwana uku kakanku bai runtsa ba," in ji Kaka. "Yana ƙwanƙwasa ɗinkin da cokali, yana saurare."

Da ya dawo ya ba da labarin a maƙera, aka yi masa dariya, don a wurinmu mace ko zugazugi ba ta taɓawa. Har ya rasu ana ce masa mai jirgin mata. Burin Kaka ɗaya ne, ko mu kaɗai mu yarda mijinta bai yi ƙarya ba. Ni kuwa sai tambaya: da wane zare? Ba su ƙone ba?

"Kai ja'iri, ni na je can?"

Yau tsofaffin injuna nake saye ina turawa gida daga Aubervilliers, a Faransa. Bara na je Lyon duba injunan walda, sai na ga tsohon hoto a ofishin mai kayan: mata a gindin ƙaton jirgi, fuskokinsu a rufe, tartsatsi na tashi. Ya ce wurin ƙera jirage ne a Amurka lokacin yaƙi.

Na ɗauka a waya na tura wa Kawu Sani, autan Kaka, wanda shi ma ya taɓa yi wa uban nasa dariya. Sannan na kira shi.

"Ɗana, a wanko mini shi babba," ya ce. "Maƙera zan kai."

Sana'a ta koya mini kada in yarda da abin da ban taɓa da hannuna ba. Kaka ba ta taɓa ganin teku ba. Mijinta kawai ta sani, kuma ita ce ba ta yi kuskure ba.