Ƙafar Yaya Mutari da Alkawarin da Ya Bar Mini

An sha wuya, ba sai na yi wa maganar ado ba. Shekara takwas ke nan da rasuwar wana, Yaya Mutari, kuma a duk abin da ya bar mini babu mai nauyi kamar alkawari guda da ya sa na ɗauka yana kwance a likita. Ni ba mai ilimi ba ne, aji uku na yi a lakwal, wato boko, aka mayar da ni garka noman lambu. Wanda ya ga rubutun ya karkace, ya yi haƙuri.

Yaya Mutari soja ne. A can ya koyo tekwando, faɗan nan na harbi da ƙafa, da ya bar aiki ya dawo Gure da fararen kaya da baƙar ɗamara. Ya share wani fili a bayan gidanmu, ya cika buhu da rairayi ya rataye a jikin aduwa, ya fara koyar da samari. Masu wucewa kan amalanke suna dariya, wai tsohon soja ya koma harbin iska. Bai taɓa ɗaga kai ya dube su ba.

Ni kuwa ɗan kokawa ne, na yi zamanina daga Gamu har Gidigir. Kullum muna cikin musu. Shi ya ce kafin in kama shi ƙafarsa ta sauka a kunnena, ni in ce mai tsayuwa da ƙafa ɗaya ya riga ya faɗi, saura a taya shi. Wata yamma musun ya yi zafi, muka shiga fili a gaban ɗalibansa. Harbin farko ya same ni a haƙarƙari, har yau in sanyi ya shigo wurin yana gaishe ni. Na biyu na cafke ƙafar na zuba shi a yashi. Ya tashi, ya kakkaɓe kayansa, ya rusuna mini yadda suke yi. Ni ban mayar masa ba, hannu na ɗaga sama ina zagaya fili. Rabin ɗaliban suka daina zuwa. Damina guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shi ya sa da ciwo ya ci ƙarfinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Isa, ga Laminu nan na bar maka. Ka yi masa duk abin da uba ke yi. Amma kada ka koya masa kokawa." Na ce to.

Yanzu duniyar faɗa ta canza. Samari sun haɗa kai a kan salula suna kallon abin da suke kira MMA, mu muna cewa faɗan keji: naushi, harbi, kokawa, shaƙe wuya, duk an zuba wuri ɗaya. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya gani. Ina jin zai tofar da yawu in ya ga ana dukan wanda ke kwance. Amma in wani ya juya ya yi harbin baya, na tabbata zai ce a mayar da wurin ya sake kallo, ya ce wancan nasu ne.

Laminu yanzu magidanci ne, yana gyaran moto a Yamai, kuma ya shiga kejin. Watan jiya ya yi faɗansa na farko, aka turo mini bidiyon. Abokin faɗan gajere ne mai kauri. Da farko ya kasa ko kusantar Laminu, ƙafar nan tana tare shi kamar sandar makiyayi. Can sai Laminu ya juya ya zuba masa diddige a muƙamuƙi, mutumin ya zube. A keji, in mutum ya faɗi bin sa ake yi har ƙasa a ƙarasa kafin ya dawo hayyacinsa. Laminu ya yi taku biyu baya, ya sauke hannuwa, yana kallon alƙalin wasa yana jiran ya fara ƙirga. Haka ubansa ya sabar masa tun yana ƙarami. Alƙali bai ƙirga komai ba. Mutumin ya miƙe, ya sunkuyo ya rungume ƙafafunsa biyu, ya kai shi ƙasa ya shaƙe shi har ya sallama.

Ban ga laifinsa ba. Mu ma a kokawa da an taɓa ƙasa magana ta ƙare, sai a buga ganga. Gidanmu duka babu wanda ya san abin da ake yi da mutum bayan ya faɗi. Masu tambayata ko tekwando yana aiki a keji, amsata ke nan: yana aiki sosai, muddin kana tsaye. Wahalar ita ce tsayuwar.

Laminu ya zo Gure don addu'ar cikar shekarar rasuwar ubansa. Bayan la'asar, da mutane suka watse, ya same ni a garka ina ban ruwa. Ya karɓi bokitin ya yi ta ɗiba har sai da muka gama layin albasa.

"Baba, ka koya mini yadda ba za a kayar da ni ba."

Na ce ya san abin da ubansa ya ce, kuma me zai tsinta wurin tsohon da gwiwarsa ke ƙara kamar ƙyauren kanti.

"Na sani, ina bakin ƙofa ranar," in ji shi. "Amma zan koma kejin nan, ko ka koya mini ko kada ka koya. In aka sake kayar da ni, cewa za su yi abin da babana ya ƙare rayuwarsa a kai rawa ce."

Na ce ya tafi gida, ni na gaji.

Na zauna a bakin rijiya ina lissafa abin da ya rage na Yaya Mutari. Buhun ya ruɓe tuntuni. Filin ya zama makwancin awaki. Ɗaliban sun watsu neman abinci, fararen kayan suna cikin akwati kyankyasai na kwana a kai. Abin da na ga ya rage da rai shi ne taku biyun nan da ɗansa ya yi baya, a garin da ba wanda ya san sunan uban. Su suka kayar da shi, kuma su ne Mutari gaba ɗayansa: ba ya taɓa wanda ya faɗi. Ko zai yafe mini, ban sani ba. Ban kuma nemo wata dabarar da zan ce alkawarin bai karye ba. Zai karye, ni zan karya shi, ni zan amsa.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki tsintsiya na kori awakin, na tsince ƙarangiyar filin. Na tuɓe riga, na aika a kira Laminu. Da ya tsaya a gabana, kafin in kai hannu jikinsa, na haɗa ƙafafuna na rusuna masa. Sannan na ce ya harbo.