Ƙoƙon Goggo a Cikin Rairayi

Koramar da ta bi ta bayan garinmu ba ta kai a kira ta kogi ba. Da damina takan cika har ta taɓa gindin goriba, ta gangara ta wuce turken ƙarfen da Nasara suka kafa a kan iyaka, ta shiga ƙasar Ingilishi ba tare da ta nuna wa kowa takarda ba. Da rani kuwa sai ta nutse cikin rairayi, ta bar ƴan tafkuna nan da can, kanwa na fari a bakinsu. Raken fadamarmu ita yake sha, shanu ma ita. Tun kafin a kafa turken, rabin danginmu suna noma a can gangare, rabi a nan sama.

A lakwal, makarantar boko ta Damagaram, malaminmu da muke kira mushe ya nuna mana ita a taswira: ɗan zare shuɗi, da kibiya guda mai nuna inda ruwa yake tafiya. Na daɗe ina kallon kibiyar, domin kakata ba ta taɓa yarda tafiyar korama ɗaya ce ba.

Ina ƙarama aka yi shekarun kamun maza aikin dole, ana kai su gyaran hanyar mota. Wanda ya ji an ambaci sunansa a fada, sai ya bi korama ya yi ƙasar Ingilishi, yana takawa cikin ruwa don kada gardi, dogaran Nasara, su ga sawu. Aika saƙo da baki yana da haɗari, saboda haka mata suka samo dabara. Idan ruwa ya fara gudu, matar wanda ya tafi takan ɗauki ƙoƙo mai zanen gidansu, ta zuba ƴar tsabar gero, ta sake shi. A can gangare danginmu suna da shingen kara na kamun kifi, a nan ƙoƙon yake maƙalewa. Idan mutumin ya isa lafiya, sai ya sa goro a ciki, mata masu tallar kanwa su dawo da shi ranar kasuwa. Idan ya rasu, a dawo da ƙoƙon a kife, babu komai.

Mijin Goggo, ƙanwar mahaifina, ya bi korama wata damina mai ruwa da yawa. Goggo ta saki ƙoƙonta, ina riƙe da gefen zanenta. Na wasu suka dawo da goro, na wata maƙwabciyarmu ya dawo a kife, aka yi kuka aka gama. Na Goggo bai dawo ba. Danginmu na gangare suka ce ba su ga ƙoƙo ba, ba su ga mutum ba. Ta zauna haka, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Mahaifina ya ce a je wurin alƙali a raba auren, ta ce ita ba ta ga ƙoƙo a kife ba. Kullum ranar kasuwa takan sa ƴan kunnenta, ta tsaya kan hanyar masu kanwa tana duba kayansu ɗaya bayan ɗaya, har suka riƙa sunkuyar da kai idan sun hango ta.

Wani rani mai tsanani ya zo, ramukan ruwan da ke kusa da gari suka ƙafe. Muka haura sama, wajen da korama take fitowa, ni da Goggo da Kaka, don mu tona sabo. Rana ta take tsaka, lokacin da ba a son mutum ya tsaya a korama. Babu iska, babu kukan tsuntsu, amma ganyen goriba ɗaya yana kaɗawa shi kaɗai. Kaka ta yi sallama kafin mu taka rairayin, kamar yadda ta saba, ta ɗan saurara.

Goggo ke tono da hannu, ni ina kwashe ƙasa. Rairayin ya fara sanyi, ya yi duhu, ruwa ya soma tsattsafowa. Sai ta tsaya cak. Wani abu ne ya taso daga ƙasan ramin a hankali, yana juyawa. Ƙoƙo ne, da zanen gidanmu, har da ɗan tsagin da Goggo ta ɗinke da kaba. Bakinsa na sama. A cikinsa goro ɗaya fari, ɗanye, kamar yanzu aka ciro shi daga huhu.

Na yi murna, na ce ai yana raye. Ba wadda ta dube ni.

Kaka ta ce wa Goggo, "Ƴar nan, a ina kika sake shi?"

"A bayan gari, Inna. Can ƙasa."

"Mu kuma muna sama."

Kaka ta zauna a kan rairayin mai zafi. Ta ce ruwan da ake gani shi ke tafiya ƙasar Ingilishi, amma na ƙarƙashi gida yake komowa, kuma masu rai ba sa aike ta wannan hanya.

Goggo ta ɗauki goron, ta ɓare shi, ta ci ɓari ɗaya a tsanake har ta cinye. Ɗaya ɓarin ta mayar cikin ramin. Muna kallo ya nutse, rairayi ya rufe shi.

Ta ce, "To, ya isa. Ba dai inda muka zata ba."

Ta cire ƴan kunnenta, ta sa mini a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kansu. Hannunta sanyi ƙalau. Ba mu ɗebi ruwan ramin ba. Muka juyo gida da tulunanmu babu komai, Goggo a gaba, ƙoƙon a kife bisa kanta.