Malama Paning, Mai Juya Kujerarta Ga Bango

Ranar Talata, sha biyu ga watan Satumba na shekarar 2000, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Epifania Sarigumba, wadda duk garin Boljoon ke kira Malama Paning. Ta rasu a gidanta da ke bayan coci tana da shekara saba'in da tara, bayan jinyar wata biyu. A daidai lokacin da take cikawa ina cikin bas daga birnin Cebu, da wata takarda a aljihun rigata wadda na rubuta don in karanta mata. Ina ta murmushi ni kaɗai, har matar da ke zaune kusa da ni ta matsa da kwandonta.

Malama, ni ne Anatalio Bejec, masuncin nan da ake kira Noy Talyo, wanda ya fi kowa tsufa a ajinki, ya kuma fi kowa taurin kai. Da hannun da kika koya wa riƙon alƙalami nake rubuta miki wannan. Tun da na zauna nake ɗaga kai in tambaye ki ko nan ne wurin aya, sai in tuna.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba abin da ya kawo ni wurinki. 'Yata ɗaya ce a duniya, Rosenda. A shekarar 1988 ta tafi Hong Kong aikin gida ba da son raina ba, kuma a tashar mota na gaya mata maganar da bai kamata uba ya faɗa ba. Bayan shekara biyu uwarta Conching ta rasu. Ban iya rubutu ba, sai na je wurin mai buga wasiƙa da ke zama a ƙofar ofishin gari, na ce ya sanar da ita. Ya buga layi uku da na'urarsa, na dangwala yatsa. Daga baya na ji abin da ya rubuta: ana sanar da ke cewa mahaifiyarki ta rasu ranar kaza, an binne ta ranar kaza, daga mahaifinki. Rosenda ta ɗauka iyakar abin da ke zuciyata ke nan. Tun daga ranar, duk Kirsimeti kwali zai iso da sabulu da tawul da takalmin roba daidai ƙafata, in zazzage shi har ƙasa ina neman ko da ɗan guntun takarda. Ba na samun komai.

Ina da shekara hamsin da bakwai na shiga ajin yamman da kika buɗe a barandar coci bayan kin yi ritaya. Da an kaɗa ƙararrawar ƙarfe shida mukan taru mu goma sha ɗaya, masunta da matan kasuwa, kowa da warin sana'arsa. Abokina Ikong, mai gyaran injin kwalekwale, shi ne a gefena.

Kin ce da yarenmu na Bisaya za mu fara, wanda muke mafarki da shi. Da muka gama da haruffa sai kika fito da gwangwanin biskit ɗin nan mai murfi ja. Cike yake da ƙananan katuttuka, kowane kati da kalma ɗaya 'yar mitsitsiya, a ƙasanta kuma jimlar da kika tsinta a bakin wani a kasuwa ko a bakin teku, da sunan wanda ya faɗe ta. Shekara talatin kina tara su. Kalmomin da kullum muke furtawa ba mu san da su ba: “si” da ke gaban sunan mutum, “ang” da ke gaban sauran abubuwa, “sa” mai nuna inda aka nufa ko na wane ne, “ba” mai mayar da magana tambaya. Akwai “na” ga abin da ya riga ya faru, da “pa” ga wanda ake jira har yanzu.

Ran da na fara rubuta sunan 'yata a allo na sa “ang” a gabansa, Ikong ya kwashe da dariya har ya buga fitila.

Ya ce, “Kai Talyo, 'yar taka kwando ce ko bokiti? Amma ji kwalekwalenka, shi kam ka ba shi ‘si’ kamar ɗan'uwanka na ciki ɗaya!”

Na ce, “Ai shi bai taɓa tafiya ya bar ni ba.”

Ke kuwa Malama, sai kika goge kuskuren da gefen hannunki, kika miƙo min alli.

Wata rana na yi miki ƙorafi. Na ce ni wasiƙa na zo koya, ba wannan tarkacen ba. Kika tambaye ni me ke riƙe da komar kamun kifi. Na ce zare. Kika ce in sake dubawa. Sai na ce ƙulli. Kika ce, “To ga ƙullin nan a gwangwani, Noy. Kwance su ka gani ko za ka kama ko da jatan lande ɗaya.” Daga nan kika shiga nuna mana waɗanda kika fi so. “Man” mai sassauta magana don kada ta zo wa mutum a tsaye. “Gyud” da muke dannawa idan da gaske muke. “Unta” ta mai cewa da ma. Sai “intawon”, wadda ba ta fita sai tausayi ya motsa. Kin ce ba ki taɓa jin tsohuwa ta yi maganar mara lafiya ba tare da ita ba.

Kina da wata al'ada da duk wanda ya zauna a barandar nan ba zai manta ba. Idan ɗalibi zai karanta abin da ya rubuta, sai ki ɗauki kujerarki ki juya ta ga bango, ki ba shi baya. Kin ce ido yana da kunya, yakan yafe wa mutum, amma wanda za a aika wa takarda ba ya ganin fuskar marubuci. Ikong yakan ce kin yi fushi da mu ne saboda warin busasshen kifi.

Bayan shekara biyu na ga na isa in rubuta wa Rosenda. A nan na yi kuskuren da irinmu kaɗai ke yi, mu da muka san takarda da tsufa. Ina jin kunyar maganar bakin teku. Na je na tsaya gaban allon sanarwa na ofishin gari kwana uku ina kallon yadda masu ilimi ke jera magana, na dawo na tsince duk ƙananan kalmomin nan na tausayi daga wasiƙata, na cusa manyan kalmomin da ban taɓa furtawa ba. Na sa riga mai guga na kawo miki bayan an tashi.

Kika juya kujera. Na karanta ina taƙama.

Da na gama kika ce, “Wa ya rubuta?”

“Ni mana, Malama.”

“A'a. Na ji sakataren gari yana kiran taron kwashe shara. Noy Talyo dai ban ji shi ba. Irin wannan ai 'yarka ta riga ta samu guda, ko ka manta?”

Raina ya ɓaci, na naɗe takardar zan tafi. Ba ki juyo ba kika ce in zauna in ba ki labarin ranar da Conching ta rasu, kamar yadda zan ba Ikong a cikin kwalekwale. Ban taɓa ba kowa ba. Na gaya wa bayanki yadda ta ce a dafa mata kunun masara, na dafa ya yi ruwa, ta sha cokali biyu don kada in ji haushi. Yadda ta ce in sauko da rigar makarantar Rosenda daga akwati ta sa ta ƙarƙashin matashi. Yadda na zauna a tashar mota washegarin jana'iza ban san abin da nake jira ba. Da na yi shiru kika ce, “Wannan za ka rubuta. Yadda ya fito daga bakinka, kada ka tsince komai.”

Mako uku na yi a kanta. Na kawo miki na roƙe ki ki bi ta da jan biro, kika ɓoye hannuwanki a baya kamar yarinya. Kika ce duk harafin da ya karkace nawa ne, gara ta gan shi a karkace. Kika raka ni gidan waya da lemarki.

Wata huɗu ban ji komai ba. Kullum in na shigo baranda sai ki ɗaga gira, in girgiza kai, ki ci gaba da darasi. Na san kin damu fiye da yadda kike nunawa, domin ma'aikacin gidan waya ya gaya min kina biyawa ta wurinsa duk Juma'a. A wata na biyar ambulan ya zo daga Hong Kong. Na kasa buɗe shi a gida, na kawo baranda. Wannan karon ba ki juya kujera ba. Layin farko ya fara da Tay, wato baba, ya ce: “Tay, na karanta sau ɗaya na ji kamar kana tsaye a bayana kana gyaran koma. Me ya sa ba ka faɗa min haka tun tuni ba?”

Rosenda ta dawo gida a 1997. Ta auri wani ma'aikacin jirgin ruwa, suna zaune a birni. Ranar Lahadi, goma ga Satumba, ta haifi 'ya mace, jikata ta fari, ina da shekara sittin da huɗu. Na riƙe ta ta kama min ɗan yatsa da ƙarfin da ya ba ni mamaki. Na yi ta dariya a harabar asibiti har wata nas ta kira ni kaka da yarenmu, ta ce, “Lolo, a yi a hankali, akwai marasa lafiya.” Na nemi takarda na rubuta miki duka, nauyinta da sumarta da kunnenta irin na Conching. Ita ce takardar da ke aljihuna. Na sauka daga bas na nufo gidanki da sauri, sai na hango rumfa a ƙofa da kujerun roba a jere.

Ban san yadda ake ɗaukar farin ciki irin wannan ba idan wadda za a kai wa ba ta nan. Ikong ya riga ki tafiya da shekara biyu. Cikin mu goma sha ɗaya saura uku, ɗaya ma ba ta gane mutane. Kwanakin zaman makoki na zauna a kusurwa, ba a share ɗakin ba domin al'adarmu ta hana shara lokacin makoki, ina kallon ƙasar da ƙafafun ɗalibanki suka shigo da ita tana taruwa. Ran jana'iza na tsallake hayaƙin ciyawa a ƙofar maƙabarta tare da kowa bisa al'adarmu, na koma gida na zauna da takardar a hannu.

Ƙanwarki Nang Doring ta aiko min da gwangwanin, ta ce ke kika ce a ba ni. Kin so ya zama littafi, bai zama ba. Na buɗe na tarar da sunana a kati bakwai. Ban ma san kina rubuta abin da nake faɗa ba.

Jiya Rosenda ta zo da jaririyar don addu'ar kwana arba'in. Na ce mata na rubuta miki wani abu amma ba ni da mai saurare, ina tsoron kada sakataren gari ya sake shigowa ciki. Ba ta taɓa zama a ajinki ba, labari kawai ta sha a bakina. Ta tashi da 'yar a kafaɗa, ta ja kujera ta juya ta ga bango, ta zauna. Na karanta mata har zuwa nan, jikata tana leƙo ni ta saman kafaɗar uwarta. Da na gama Rosenda ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Kai ne, Tay. Kada ka gyara komai.”

Ban gyara ba, Malama.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa ta har abada, haskensa ya haskaka miki. Yadda kika saurari talakawan bayinsa da haƙuri, shi ma ya saurare ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nang Doring da 'ya'yanta, da dukan dangin Sarigumba, da duk wanda ya taɓa tsayawa a barandar coci yana karanta wa bayanki takarda. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.

Anatalio Bejec
Boljoon, Cebu