Anti Habibatu Mai Leƙa Shafin Godiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, wannan ba ta Gizo ba ce, don mai labarin tana nan da ranta a unguwar Old Trafford. Anti Habibatu ke nan, ma'aikaciyar laburaren unguwa, wadda ta yi ritaya a watan jiya. Kafin nan, kullum ita ke buɗe ƙofa da safe, ta bi kanta-kanta tana mayar da littattafai mazauninsu. Halinta guda: ba ta ajiye littafin labari sai ta leƙa shafin godiya.

Amfanin halin ya fito ranar da Raki, wata ɗaliba daga Fallowfield, ta faɗo mata da murna. Shekaru ta kwashe tana rubuta littafinta, ga shi wani ejan, irin dillalan da ke kai aikin marubuci kamfanonin ɗab'i, ya ce ta sa hannu a yarjejeniya kafin Juma'a.

"Anti, cewa ya yi I'm brilliant, wai ni gwana ce!"

"Haka duk mai neman aure ke faɗa. Wa ya yi miki bincike a kansa?"

"Ai marubutansa duk sun gode masa a littattafansu."

"A na fari, 'yar nan. Ranar biki kowa yabon ango yake. Ɗauko min na biyu."

Aka ɗauko. Duk wanda ya gode masa a na fari, a na biyu babu sunansa. Raki ta ɓata rai.

"In na ƙi shi, wa zai ɗauke ni?"

Anti ba ta ja da ita ba. Ranar hutunta ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, da dambun nama a jaka, wajen ɗaya daga cikin marubutan, Bethany, malama a Selly Oak. Sai da aka sha shayi Bethany ta buɗe baki: da littafinta bai yi kasuwa ba, ejan ɗin ya daina amsa mata, alhali yarjejeniyarsa ta ɗaure duk abin da za ta rubuta gaba. Da ƙyar ta kuɓuta. Anti ta kira Raki, ta miƙa wa Bethany wayar.

Juma'a ta wuce ba a sa hannu ba. Raki kuwa, don haushi, ta jima tana gaida Anti sama-sama.

Habibatu, ke ce mai tambayar maƙwabta kafin a ba da 'ya. Ba aikinki ba ne, ba wanda ya aike ki. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu sanin wani abu, ku taka da ƙafarku ku bincika wa na baya.

Raki dai sai da shekara ta zagayo ta sami wata ejan, Chloe, wadda sunanta ke cikin littattafan marubutanta na fari da na biyu da na uku, littafin Raki kuma ya fito. Bethany ta koma rubutu. Ejan na farko yana nan yana yabon sababbi. Anti tana gida, sunanta na shafin godiyar Raki, ta ce sai ta ga na biyu.