Randar Da Na Fasa A Garu

Jama'a, abin nan da zan gaya muku da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi tallahi ban ƙara ko kalma ɗaya ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa ne, don kada ku ce tsohon nan ya fara ruɗewa. A Dutse ne, cikin Garu, can tsakanin duwatsu, zamanin da Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba, ina matashi jini na tafasa, ban daɗe da yin aure ba.

Wani Baturen likita ne ya zo rangadi daga Kano, aka tara mu a ƙofar hakimi, ya ɗaga kwalba da ruwa a ciki, ya ce ta bakin tafinta wai 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil a randa su ke zama sauro, sauro kuma shi ke kawo zazzaɓi. Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya, don kowa a lokacin ya san sabon gero ne ke kawo zazzaɓi. Da ya tambaya ko akwai wanda ya yarda, ni uban iyayi na ɗaga hannu, ban ma gama jin tambayar ba. Shi ke nan fa, aka ce na zama duba-gari. Aka ba ni kaki, da ludayin gwangwani mai dogon hannu, da kwalbar kananzir, aka ce in bi gida-gida ina leƙa randuna, inda na ga tsutsa in zuba kananzir in kifar.

Kai, na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Tafiyata ma sai da ta canza. Matan Garu kuwa suka tsane ni tsana mai tsanani, da an hango ni sai ka ji ana ta kwarar da ruwa ta bayan danga. Mutum ɗaya ce ba ta tsorona, amaryata Dudu, Bafulatana ce daga rugar da ke wajen Jahun, mace mai tsabtar da ko ƙuda bai isa ya sauka a ƙwaryar nononta ba. Na taɓa ganin ta riƙe bijimi ta ƙaho tana masa faɗa. Amma in ta ga kyankyaso, to ranar unguwa kaf sai ta ji.

To akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, gidanta na gindin dutse kusa da itatuwan dabino. Kowa ya san gidan da abu guda: tsakiyar damina, lokacin da duk gari ke marin kansa, a gidanta ko sauro ɗaya ba ya cizo, kyankyaso kuwa ko a makewayi ba ka ganin sa. Mata har hira suke zuwa don su huta. Ni kuma na ce bari in je in ga irin tsabtar da take yi, in riƙa ba da misali da ita.

Da rana tsaka na yi sallama na shiga. Randunanta na ɗaki tas, kowace da faifai a rufe. Har na juya zan fita, sai ƙafata ta kai ni bayan ɗaki, tabɗi! Wata tsohuwar randa ce baƙa ƙirin a kan duwatsu uku, baki buɗe, gansakuka ta lulluɓe ta, na zura ludayi na ɗebo, wallahi tsutsa ta fi ruwan yawa. Sauro jere reras a bakinta, a ƙarƙashinta kuma kyankyasai kwance kamar tumaki a inuwa, manya da ƙanana, ba mai motsi.

Na ce, “Iya, wannan fa?”

Ta ce, “Wannan ba tawa ba ce, ɗan nan, tasu ce. Tun zamanin kakan mijina aka yi da su, su nan, mu can. Duk Alhamis in cika musu, su kuma ba sa tsallake bangon nan.”

Na ce, “Su wa?”

Ta ce, “Su dai.”

Ni kuwa a lokacin kakin nan ya hau mini kai. Na yi mata bayanin Bature tiryan-tiryan, har da kwaikwayon yadda ya ɗaga kwalba, sannan na tuttula kananzir, na sa ƙafa na tunkuɗe randar, ta faɗi ta dare gida biyu. Har gobe ina cewa aikina na yi, abin da aka sa ni ke nan. Amma abin da ya fara sa tsikar jikina tashi, ko sauro ɗaya bai tashi ba, kyankyasan nan kuma ba su watse ba, sai suka juyo da gashin bakinsu wajena gaba ɗaya, kamar masu son su gane fuska.

Iya Tabawa ba ta zage ni ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Cewa ta yi, “To, madalla. Ka rushe musu gida, sai ka san inda za ka sauke su. Gidanka na bayan masallaci ne ko?”

Ni kuma don tsabar wauta na ce, “E, Iya, na biyu daga rijiya, mai sabuwar danga.” Kun ji fa, da bakina na yi kwatance.

Washegari da hantsi ina zaure ina goge ludayi, sai na ji Dudu ta ƙwalla ihu daga ƙofar gida. Na fito a guje, me zan gani? Kyankyasai ne a layi, rana ƙwal, sun biyo hanyar rijiya, ba gudu ba gaggawa. Suka zo ƙofar Tanko mahauci, gidan da ko yaushe ba ya rabo da ƙashi da jini, suka ratse suka wuce, ko kallon sa ba su yi ba, suka shige gidana ta tsakanin ƙafafuna. Maƙwabta suka yi cirko-cirko suna kallo. Tanko ya gyara tsayuwa ya ce, “Duba-gari, sannu da baƙi.” Bayan azahar kuma sauro ya iso, shi a sama ya zo, baƙi ƙirin kamar hayaƙin ɗanyen itace.

Ba abin da ban yi ba. Na barbaɗa toka a bakin kowace ƙofa, kyankyasan suka bi ta kai suka bar mini sawu. Na turara busasshen kashin shanu da ganyen ɗaiɗoya na rufe ɗaki, mu muka fito muna tari da hawaye, su suna ciki. Na aro kajin unguwa na zuba a tsakar gida, wai su yi mini aiki, wallahi zakaran ya kalle su sau ɗaya ya haye danga, matansa suka bi shi. Na je na roƙi aron gidan sauro wajen wani malamin hakimi, da gari ya waye na cikinsa sun fi na waje yawa. Kuma abin haushin, ba su tsaya a gida ba. Ranar Juma'a ina cikin sahu, mutane cike da masallaci, ni kaɗai sauro ke ci, ina ta mutsu-mutsu har na kusa da ni ya ja jikinsa. Fuskata ta kumbura suntum. In na shiga gida dubawa sai matar gida ta miƙo mini randa da fara'a tana cewa, “Duba da kyau, Malam. Ya mutanen gidan naka, sun saba?”

Duk wannan da sauƙi. Ranar da abin ya ɓaci ita ce ranar da Dudu ta buɗe ƙwaryar nononta ta tarar da wani ƙaton kyankyaso a ciki yana iyo. Ba ta yi ihu ba, kuma shirun nan ya fi ihun ba ni tsoro. Ta wanke ƙorenta ta ɗaure, ta yafa zane, ta ce, “Malam, mu a gidanmu shanu muke kiwo. Baffa zai tashi da garke da an gama girbi, in ka gyara gidanka kafin nan ka zo, in kuwa ba ka gyara ba ka sawwaƙe mini.” Ta bi 'yan kasuwar Jahun ta tafi.

Ku yi dariya in kuna so, amma ni ranar kuka na yi. Ina son yarinyar nan, so irin wanda ban taɓa iya faɗa mata ba, ga shi kyankyaso zai raba mu. Kuma na san in garken nan ya tashi ya nausa kudu, ni da ita sai dai labari. Gero kuwa ya riga ya fara nuna a gona.

Na tafi wajen Liman na zayyana masa komai. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, sannan ya ce shi dai abin da ya sani, ba da ruwa sadaka ne ko ga wace irin halitta, in koma wajen tsohuwar in durƙusa. Na koma. Na tarar da ita tana kaɗi a inuwa, gidanta shiru, ko ƙuda babu. Na tsuguna na gaishe ta gaisuwar da ban yi mata ba a zuwan farko, na ce zan sayo mata sabuwar randa su dawo.

Ta ce, “A'a, ai sun ga wuri, ba sa komawa baya. Ni ma na huta da ɗaukar ruwa. Ka kafa musu a bayan ɗakinka. Amma fa namiji ba ya cika ta, sai matar gida.”

Na ce, “Iya, matar gida ai su suka kore ta.”

Ta ce, “To ka ga aiki ya same ka.” Ta ci gaba da kaɗinta.

Haka na sayi randa ranar kasuwa na ɗoro ta a kai, cikin kaki, ni duba-gari guda, na ratsa Garu mata na leƙe ta danga suna guɗa. Na kafa ta a kan duwatsu, na kewaye da zana, na kama hanyar Jahun a ƙasa. Da na isa rugar, surukina bai gane ni ba saboda kumburi, har yana tambaya ko ni ne mai sayen fata. Dudu ta fito ta kalle ni, ta kama ciki tana dariya har da zama a ƙasa. Da ta gama na gaya mata abin da ake so ta yi, cewa sai ta shiga cikinsu da ƙafarta ta cika musu randa. Dariya ta ɗauke. Ta sake duban fuskar tawa, sannan ta tashi ta ɗauko mayafinta.

Ranar Alhamis da hantsi ta ɗebo ruwa a rijiya, ta shiga bayan ɗaki, ni ina biye. Ta sauke tulun daga kanta. Ta rufe ido ta tuttula, ta ce da ƙaramar murya, “Ku nan, mu can.” Jama'a, na rantse da wanda ya halicce ni, sai muka ji wani motsi sur-sur-sur daga ko'ina, daga jinka, daga ƙarƙashin gado, daga cikin rumbu, har wani ya fito daga aljihun kakina ya sauka ta ƙafata. Ta kan ƙafafunta suka riƙa bi suna wucewa, ba ta motsa ba, sai dai ta damƙe mini wuyan hannu har farcenta ya fasa fata. Kafin la'asar ɗakinmu fes, sauro kuma ya jeru a bakin randa ya yi tsit.

Na ci gaba da aikina shekara da shekaru ina kifar da randunan mutane, tawa na bayan zana, kuma kada wanda ya tambaye ni yadda na haɗa biyun. 'Ya'yanmu duk a gidan suka tashi, ba wanda ya san cizon sauro sai in ya je kwana gidan wani. Dudu kuwa ba ta taɓa tsallake Alhamis ba, ko tana jego, duk da har ta tsufa da ido rufe take zubawa.

Bara waccan da bazara Allah ya karɓi abarsa. Ni hankalina ba ya jikina, 'ya'ya mata duk suna gidajen mazansu a nesa, ba mace a gidan, randa kuwa ko tuna ta ban yi ba sai bayan sadakar arba'in. Gabana ya faɗi, don zafin da ake yi lokacin ko rijiya ta ja baya. Na dogara sanda na zagaya, na ɗaga zana. Randar cike take fal har baki, ƙasan gindinta a jiƙe, ruwan ma bai gama kwanciya ba. Ranar Alhamis ce.

Na tambayi maƙwabta, na tambayi 'ya'yana, kowa ya rantse ba shi ba ne. Har yau haka take, ba ta taɓa raguwa ba. Ni dai na daina zagayawa ranar Alhamis, sai in zauna a zaure da hantsi in juya baya, in na ji ƙarar zubar ruwa in ce sannu da aiki, ban taɓa waiwayawa ba.

Ku kuma yaran yanzu masu feshe-feshe, ku yi tsabtarku, ku rufe randunanku, ban hana ku ba. Amma in kun shiga gidan tsohuwa kuka ga abin da ba ku gane ba a bayan ɗaki, ku tambaya kafin ku sa ƙafa, in kuma aka tambaye ku ina gidanku yake, ku yi shiru.